Makaron da Mutari Ya Bari

Ƙarshen wata ne a ofishinmu na Sabon Gari,
kundi shida sun iso daga rumbunan wake:
Miriya, Matamai, Magariya,
Kance, Dungas, Bande.
Na Gure, kamar kullum, yana hanya.
Aikina in juye su cikin uwar kundi
kafin Alhaji Barmu ya dawo daga la'asar.

Mutari ne ya rubuta makaron nan,
ya tafi Agadas ya bar mini shi gado.
Yana aiki, ban ce ba ya yi ba.
Sai dai in na danna shi
allo ya kama ƙifce-ƙifce kamar ido ya sha hayaƙi,
kundi ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa,
ni kuwa in hura gawayi, in sha na fari, in sha na biyu,
shi bai wuce Magariya ba.
Ran da wuta ta ɗauke yana tsakiyar tafiya
buhu ɗari uku suka ɓace tsakanin kundi da kundi,
na kwana neman su da biro da fitilar salula.

Daren Talata na buɗe cikinsa, na bi shi layi-layi.
Ashe da cokali yake ɗibar ruwa!
Ya shiga gida ɗaya, ya zaɓa, ya kwafa,
ya tsallaka, ya zaɓa, ya zuba, ya komo,
sau dubu tara.
Ko yaran unguwarmu, ran da famfo ya yi shiru,
jarka goma suke jerawa a kura
su tura sau ɗaya.

Na ce masa: ɗauki jerin gaba ɗaya,
aza a ka, sauke wuri guda.
Daina nuna mini kowane taku,
saki labulen allo sai ka gama.
Bar sake jimla duk sa'ad da ƙwaya ta faɗo,
mai awo a Kasuwar Dole
ba ya ƙirga kuɗi bayan kowace tiya, sai buhu ya cika.
In ka ƙare, ɗaga labule, tada lissafi.
Wannan na ƙarshen shi na manta,
jimla ta tsaya cik a kan ta watan jiya.
Alhaji ya dube ni ta saman tabarau,
bai ce uffan ba.
Da ma ya yi faɗa.

Saura halin mutane.
Zuwera ta Kance tana sa waƙafi inda Yahuza ke sa ɗigo,
kilo sha biyu da rabi ya zama zance, ya ƙi shiga lissafi.
Na Dungas ya ƙara wa sunan kundinsa "na gaskiya".
Wani ya bar fili bayan sunan ƙauye,
ƙauye ɗaya ya wayi gari biyu.
Na koya wa makaro share fili, daidaita waƙafi,
ajiye kwafi kafin ya taɓa komai,
in kuma kundi bai zo ba ya kira sunansa,
kada ya mutu a tsaye ya bar ƙofofi buɗe.

Yau na danna.
Hannuna bai kai ga butar shayi ba, ya gama.
Daƙiƙa sha ɗaya.
Ban yarda ba, na ƙirga Bande da hannu,
ta fito daidai har da rabin kilo.

Na aika wa Mutari saƙo, ya amsa bayan isha'i:
"Wa ya taɓa mini aiki?"
Can an jima: "Turo in gani."

Wani ɗan akwati na tsakiyar allo har yanzu,
yana cewa Gure ba ta zo ba.
Na duba layukan kaf,
babu wanda zai tuƙo motar.