Rumfar Dukawa a Birni

Takalman roba sun sauka Kasuwar Dole,
buhu bisa buhu, jika guda ƙafa biyu.
Namu na fata, kwana uku ana ɗinki,
yana rataye har jansa ya koɗe.

Bayan la'asar na tara mutanen rumfa.
Na ce: daga Litinin mun rage takalmi,
gidan waya za mu ɗinka, da jakar takardu.

Tsahiru, da ya riga ni riƙe basilla,
ya kwantar da ita bisa gwiwa:
"Ubanka bai taɓa yi wa waya riga ba."
Haka ne, Baba.
Ubana kuma bai yi gasa da roba ba.

Barira ta ɗau hoto, ta aika Yamai da Agadas.
Sha biyu aka nema kafin Juma'a.
Biyu sun dawo, bakinsu ya karkace.

Na bar wa Tsahiru kusurwarsa
da takalmansa biyu a mako.
Daren jiya na iske shi ƙarƙashin fitila
yana auna wayar jikansa da zare,
yana gunaguni:
"Yaran nan ba su iya kashe baki ba."