Mai Hayar Kujeru

Kujera ɗari uku gare ni, da rumfa biyu,
ina ba da haya ga suna da makoki,
lokacin zaɓe kuma ga duk mai jingina.
Ni ne Mutari na bakin Kasuwar Dole.
Ban taɓa zama gaban dandali ba,
wurina baya ne, kusa da injin wuta,
ina ƙirga kujeru kar yara su kwashe.
Na baya shi ke ganin facin riga.

Ran Alhamis Mai Malafa ya zo Damagaram.
Ya bar motarsa can wajen gari,
ya hau amalanke, jaki na ja,
ya shigo Zango yana sharce gumi.
Mata na guɗa: ga namu, ga ɗan talaka!
Ya ce shi ma ya kwana a layin pampo,
ya san nauyin bido a kafaɗa.
Ya kira Haladu ga-ruwa, ya karɓi moɗa,
ya kai baki gaban jama'a,
sowa ta tashi har duwatsun Birni suka amsa.
Ni ina baya.
Na ga ruwan ya bi haɓa, leɓe a rufe.
Da ya sauko, yaronsa ya miƙo kwalba mai raɓa,
ya kurkure baki sau uku.

Ya ce kwana ɗari, kowane gida da pampo.
Ya ce buhun hatsi zai koma kuɗin goro.
Ya ce ɓarayin ƙasa ya san su da suna.
Biyu daga cikinsu na kan kujeruna,
sahun farko, suna tafi.

Ran Asabar abokin karawarsa ya iso.
Rumfar nan ce, kujerun nan ne,
masu ihun ma su ne, hula suka sake.
Shi kwana casa'in ya ce.
Na ce wa Cima: ruwa ya matso da kwana goma.
Ba ta yi dariya ba.
Ƙarfe uku na dare ta fita riƙe layi.

Ranar zaɓe na je lakwal ɗin unguwa,
kati a aljihu, na yi wanka da rabin bokiti.
Mai takarda na bin sunaye da yatsa,
kafin nawa sai ga na wana Ma'azu,
wanda muka kai makwanci bara da damina,
ni na ba da kujerun zaman makokinsa.
Ga sunansa, ga dangwale a gefe,
tawadar ko bushewa ba ta yi ba.
Ma'azu ya riga ni zuwa,
shi da bai taɓa sammako ba a duniya.

Na buɗe baki, na dubi ɗakin.
Mai gadin akwati ɗan maƙwabcina ne,
jiya na gan shi da sabon babur.
Na haɗiye maganar kamar gayan tuwo.
Ni ma ai na karɓi turmi mai hoto,
na yi godiya da hannu biyu.
Na daɗe bayan labule
har wani ya ce: Baba, ko barci kake?

Ɗaya ya ci, ɗaya ya ce an cuce shi.
Duk biyun ina bin su kuɗin haya,
kujera goma sha ɗaya sun karye.
Yau kwana ɗari da ashirin da huɗu,
pampo na tari, iska yake tofarwa.

Turmin nan Cima ta yage shi gida huɗu.
Da asuba na ga ta naɗe gammo,
fuskar Mai Malafa a tsakiya, tana murmushi,
ta aza bido a kai.
Yanzu kam ya san nauyinsa.