Cinikin Biri a Sama

A shagon intanet na Ƙofar Ƙaura
Rumasa'u ta latsa,
na sa hannu ƙarƙashin nata:
in sun ɗauke ta, ba ta duba wata jami'a.

Suka ce ta zo.
Muka yanka zakara.

Takardar tallafi ta biyo baya,
rabin kuɗin kawai.
Ragowar na lissafa a bayan rasit ɗin taki,
dala zuwa naira, naira zuwa buhun gero.
Gonar Batagarawa ba ta kai ba.

Sauran jami'o'i ukun ta riga ta janye.
Nawa za su bayar? Oho.

Yanzu da dare tana koya wa ƙannenta lissafi,
ni kuwa na ƙura wa sa hannuna ido.