Iska a Kulocin Ƙasa

Kwana uku ke nan ina ƙarƙashin motar Labbo
a garejin bayan tasha, nan Jega.
Kwali ne katifata, baƙin mai ne kwallina.
Tsohon injin yana gefe, an lulluɓe shi da buhu,
kaji har sun fara kwana a kansa.

Sabon, wai sabo, ɗan Baljiyam ne.
Da sarƙa muka ɗaga shi, muka zaunar, muka ɗaure.
Makulli ɗaya ya tashi,
ƙara tas kamar an tace ta da rariya.
Labbo don murna ya aika a sayo tsire.

Sai aka taka kuloci.
Feda ta tafi ƙasa salin-alin
kamar ƙafa a taɓon fadama,
giya ta ce ƙarrr, ta ƙi shiga.
Tsiren ya huce a takardarsa.

Cindo, hau sama.
Taka. Taka. Taka. Riƙe!
Na sassauta noti, man birki ya tsarto,
ya bi hannuna ya gangara hammata.
Na ɗaure. Saki.
Haka muka yi ta yi har aka kira la'asar.
Gwangwani huɗu ƙasa ta shanye,
feda na nan lagwai-lagwai.

Na zargi robar kulocin sama, na canza ta.
Na bi tiyo da yatsa ina neman danshi, babu.
Na gwada ƙarfen turi da tsinken tsintsiya,
tsohon da sabon tsawonsu ɗaya.
Saura in sauke giyabos in dubi faranti,
aikin da ke cin yini da ƙugun mutum.

Wayar Labbo ba ta hutawa.
Albasa buhu ɗari uku na jira a Aliero,
ta ƙasa ta fara gumi, ta sama ta fara tsiro.
Ba ya zagina.
Zama yake a kan taya yana kallon ƙafafuna,
gara ma ya zage ni.
Arzika mai shayi ya ce baki ne,
a yi wa motar hayaƙi.

Daren na uku Cindo ya rarrafo da sifana.
Wata goma sha huɗu yake da shi a gareji,
har yau wankin noti a fetur ne aikinsa.
Ya daɗe yana haska fitilar waya wuri ɗaya.
Ya ce, Oga,
in an nutsa gora a gulbi
ta ina kumfa ke fita?
Na ce, ta sama mana.
Bai ƙara komai ba.

Na bi hasken.
Kulocin ƙasa a kife yake,
bakin fitar iska na kallon ƙasa.
Ramukan sabon injin sun karɓe shi ta kowace fuska,
ni kuwa da dare na ɗaura shi, ina hamma.
Kwana uku ina zubar da mai ta gindi,
iska na zaune a sama tana jin taka da riƙe.

Noti biyu ne kacal.
Na juya shi, na karkato tiyo nesa da salansa.
Taka. Riƙe.
Fusss. Kumfa, kumfa, sai mai zalla.
Cindo ya yi ihu daga sama: ta yi tauri!
Giya ta shige kamar wuƙa a kube.

Labbo ya ce, me ya same ta?
Na ce, iska ce.
Arzika ya buga cokali a kofi: ai na faɗa muku!
Ban gyara masa ba.

Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki.
Da tirela ta hau kwalta
na goge sifana mai lamba goma da gefen rigata,
na miƙa wa yaron.
Na ce, gobe kai ne a ƙasa,
ni zan taka.