Tsakuwa Goma Sha Tara

A Rikoto, ɗakin da ke bayan rumbun dawa,
Inna Tabita ba ta iya karatu ba,
sai ta tara sunaye a gwangwanin madara:
tsakuwa ɗaya, mutum ɗaya.

Kafin zakara ya yi cara ta biyu
nakan ji su daga shimfiɗata.
Ta ɗauka, ta yi shiru, ta yi magana ƙasa-ƙasa,
ƙwas, ta ajiye a faifai.

Farar ta Habila ce, direban hanyar Kwantagora,
kada barci ya sace shi a kan sitiyari.
Jar ta Kande ce, shekara tara ba goyo.
Mai tsagin nan ta Malam Sahabi mai shayi,
wanda ƙafarsa ta ƙi warkewa.
Shi yana alwala can, ita tana durƙushe nan,
katanga ɗaya tsakaninsu.

Akwai wata baƙa mai kaifi.
Sau ɗaya na tambaya.
Ta ce, "Ta yaran da suka ƙone mana gona a Wasagu."
Na ce, Inna, su?
Su da suka sa muka kwana uku a daji?
Ta ce, "To wa zai ambace su?
Wataƙila iyayensu ma sun gaji.
Wanda ya roƙa wa masu buga masa ƙusa gafara
bai ce in zaɓa ba."
Na fice. Na fi wata ban je sujada ba.

Yanzu tana kwance a asibitin Zuru,
ruwa na ɗiga a jijiyarta,
harshe ya yi nauyi.
Da ido ta nuna mini jakarta.

Da asuba na durƙusa
inda gwiwoyinta suka cinye tabarma.
Goma sha tara na ƙirga.
Bakwai kaɗai na san masu su.
Sauran na ɗaga su ɗaya-ɗaya:
Ya Uba, ban san mai wannan ba,
ko ciwo ne, ko bashi, ko ɗa ne ya ɓata.
Kai ka sani. Ka dube shi.

Da na zo kan baƙar, hannuna ya tsaya.
Ashe ta yi santsi,
yatsun Inna sun cinye kaifin tuni.
Bakina ya kasa cewa ka gafarta.
Na ce dai, ga su nan.
Ƙwas.

Ta bayan katanga Malam Sahabi ya yi gyaran murya:
"Yaya mai jiki? Muna ta addu'a."

Na fita tsakar gida, na tsinci wata ƙarama
a gindin turmi,
na goge ta da bakin riga.
Na san Inna.
Cikin goma sha taran nan babu tata.