Fuskar Abba Filimon a Bango

Sun ba ni tsani da kaskon jar ƙasa,
suka ce, "Tapara, ɗora shi a bangon arewa
kafin makoki ya cika arba'in."
To, ta ina zan soma mutumin da na sani
tun yana ɗan mai kwalekwale a Dungula,
yana kwalfe ruwa da ƙoƙo, dugadugai duk faso?

Bari in soma da hannu.
Shi sufaye suka gani yana zana kifi a yashi,
suka ce wannan da alƙalami ya dace.
Shekara goma sha ɗaya yana kwafar Zabura a Gazali,
har yatsa ya yi kanta,
har idon hagu ya soma ganin duhu da rana tsaka.

Da tsohon bishop ya kwanta dama
aka tura shi Iskandariya karɓo sanda.
Wata bakwai. Ya dawo a rame,
da takarda naɗe cikin fatar akuya
da wani tari da ya raka shi har kushewa.

Sun ce in sa masa alkyabba mai ruwan zinariya.
Zan sa.
Amma shekarar da Nilu ya ƙi cika
a gabana ya tuɓe ta, ya miƙa wa fataken Aswan,
aka auno dawa taiki talatin.
Ranar Ista da rigar saƙi ya tsaya gaban bagade,
gwiwar hannu a waje.

Kada a ce na ce waliyyi ne.
Ya taɓa marin mai karatu don ya tsallake aya.
Rigimar gonar dabino da ƙanen sarki kuwa,
shekara tara ya riƙe ta, kamar kare da ƙashi.
Ya ci shari'a, ya rasa aminin ƙuruciya,
dabinon kuma ya cinye masa haƙora.

Ashirin da shida a kan kujera.
Ya binne sarki biyu, ya yi wa na uku baftisma.
Yana kallo sahu na raguwa.
Asubar da kiran salla ya fara tashi daga zangon baƙi
bai ce uffan ba.
Da hantsi ya aika musu tabarmi huɗu.

Yarona ya tambaya ko a dama farar ƙasa,
irin ta fuskokin littattafan Masar.
Na ce ajiye.
Sauka bakin kogi ka ɗebo laka,
ka haɗa da tokar murhu kaɗan.
Da wannan fuskar ya zo, da ita zai tsaya,
Mika'ilu a bayansa, hannu a kafaɗa.

Idon hagun zan bar shi a ɗan kanne.
Waɗanda suka san shi za su gane.
Waɗanda ba su sani ba su ce hannuna ne ya yi rawa.

Share yashin nan, yaro. Ya sake shigowa ta ƙofa.