Akwati Biyar

Ranar Laraba, a bakin kasuwar Wunti,
rana ta take, ciniki ya kwanta,
ina zaro batir daga cikin wani Kasiyo
da ɗan hantsakin da ya girmi 'ya'yana,
sai ga yarinya da allo mai haske a hannu,
kati a wuya, takalmi ya sha hanya.
Ta ce sunanta Rifkatu, 'yar Bogoro,
ra'ayin jama'a take tarawa,
ana biyan ta a kan kowane kai.

Na ce: zauna, 'yata, benci ba ya cizo.

Ta ce tambayoyin daga nesa suka taso,
mutanen Japan aka fara yi wa,
aka juye su Turanci, aka juyo su Hausa,
ɗumamen tuwo da ya ga wuta sau biyu.

Japan! Na sauke tabarau.
Shekara talatin da takwas ina buɗe aikin hannunsu,
na san hanjin agogonsu fiye da zanen tafina,
amma ko sau ɗaya ban ji abin da ke ransu ba.

Ta ce amsa ba ta wuce akwati biyar:
na yarda ƙwarai, na yarda, oho,
ban yarda ba, ban yarda ba sam.

“Waya ta kusantar da ni da iyalina.”
Na ce: Lawwali na Fatakwal,
duk Juma'a muryarsa na cikin kunnena
har ina jin tarin da yake ɓoye mini.
Autata kuwa tabarma ɗaya muke zama,
sai na kira ta sau uku kafin ta ɗago.
Wanne za ki danna?
Ta danna oho.

“Ina tsoron na'ura ta ƙwace mini aiki.”
Na yi dariya har Sallau mai rediyo ya leƙo.
Wanda ruwa ya riga ya ci
ba a tambayarsa ko yana tsoron kogi.
Dubi hannuwan masu wucewa, 'yata,
lokaci ya tashi daga tsintsiyar hannu ya koma aljihu.

“Me ya fi ba ka sha'awa:
ƙwallo, fim, siyasa, ko yawon buɗe ido?”
Na ce: agogon da ya shekara bakwai a mace
a ƙasan adakar wata tsohuwa,
ka hure shi, ka ɗiga masa mai,
ka kara a kunne, ka riƙe numfashi,
sai ya ce ƙyat.
Ta ce: Baba, babu wannan a ciki.

Sai na tuna da wani tsoho can,
ban san sunansa ba, ban san garinsa ba,
wataƙila shi ya ɗaura wannan ƙusar
da na kwance yau da hantsi.
Shi ma an tsare shi da akwati biyar?
Shi ma ɗansa na wani gari mai tashar jirgin ruwa?
In ya danna oho, na san abin da yake nufi.
A lissafinsu za mu zama ɗigo biyu,
kashi kaza cikin ɗari,
maƙwabta a takarda, ba mu taɓa gaisawa ba.

Saura tambaya huɗu allon ya yi duhu.
Ta danna, ta girgiza, ta hura masa baki.
Babu wuta a layinmu tun Litinin.
Duk abin da na faɗa ya tafi,
bai kai Abuja ba, balle Japan.

Ta zauna shiru, ta share gumi,
can ta ce: Baba, ƙarfe nawa?

Agogo sittin a rataye a bayana.
Na ciro wanda mai shi bai dawo ba tun bara,
na huda wa madaurinsa sabon rami,
na ce: biyu saura kwata.
Gobe ki dawo da shi, mu ƙarasa.